Ranar da Giwaye Suka Shige Suri

Da hantsin wata Talata, ana tsakiyar bazara, Korau ɗan Nomau ya ga giwaye talatin da ɗaya sun shige cikin suri.

Surin bai wuce ƙugun mutum ba, yana gindin wata tsohuwar ƙirya a tsakiyar gandun dajin Mazuga. Uwar garken ce ta fara isa. Ta miƙa dogon hancinta ta shafi bakin surin, sai jikinta ya tsuke kamar zare a kafar allura, ta sulale ciki. Sauran suka bi ta ɗaya bayan ɗaya, har da jaririyar da aka haifa watan jiya.

Korau ba baƙon daji ba ne. Shekara ashirin ya yi yana harbi kafin ya rataye kwari da baka, aka ɗauke shi gadin gandun, ga shi yanzu shekararsa goma sha biyar cikin kaki. Sai a ranar ya gane inda namun suke tafiya. Wata guda ke nan dajin yana tsiyayewa kamar tulu mai huji. Ɓauna suka fara ɓacewa, sai kanki, sai mariya da gwambaza. Dorinar tafki ta bar gurbinta. Biran da ke hana ma'aikata cin abinci a tsanake, aka wayi gari babu ko ɗaya. Ba mushe, ba jini.

Ya sheƙa ofis da gudu, ya faɗa wa manajan gandun, Malam Lurwanu.

"Baba Korau, zauna ka sha ruwa," in ji manaja. "Rana ce ta buge ka."

"Oga, da idona na gani."

"To ko da idonka ne, me zan rubuta? In ce giwa ta shiga gidan gara?" Ya turo masa wata takarda. "Jibi kwamiti zai zo daga birni. In suka zaga ba su ga dabba ba, magana ta ƙare, za a ba masu katako da masu gawayi dajin. Ka kuwa san daga cikinsa rafin Mazuga yake ɓuɓɓugowa. Ƙauye bakwai ke shan ruwan nan, har da naku."

Korau bai yi boko ba, don haka bai ko taɓa takardar ba. Ya saɓi bindigarsa ya koma gindin ƙirya. Ya kasa zaune ya kasa tsaye. Ya zaga surin, ya zura sanda, sanda ta tsaya a kamu guda. Ya tona da wuƙa, gara kawai ya gani. Ya tafi, ya dawo, ya sake tafiya.

Da la'asar ya ji taku. Wani tsohon gwanki ne, ƙahoninsa sun lanƙwashe kamar lauje, yana tafe yana jan ƙafar baya. Tarkon waya ya ci masa nama har ƙashi, ƙudaje na bin sa. Korau ya dubi ƙullin wayar, ya gane shi. Mutum biyu kaɗai mahaifinsu ya koya wa wannan ƙulli, shi da ƙanensa Barmo. Ba kuma yau ya fara ganin sa ba. Tun bara yake tsintar irin wayoyin nan, ya kwance, ya binne, ya ja bakinsa ya yi shiru.

Gwanki ya kai hanci bakin suri. Korau bai tsaya shawara ba, ya yi bisimilla ya cafke wutsiyarsa.

Ya ji an matse shi kamar ana tatsar kunu a tsumma, sannan aka jefar da shi. Da ya buɗe ido sai ya gan shi a wata ƙasa mai jar ciyawa kamar garwashi, amma sanyi gare ta. Rana biyu ce a sama, ɗaya gabas ɗaya yamma, ba wadda take motsi, komai inuwa biyu gare shi. Iska na kaɗawa ba hutu. Itatuwa suna tafiya a hankali suna jan saiwoyinsu kamar masu ƙaura. Gwanki ya fizge wutsiya ya nausa.

"Tsaya nan, ya kai ɗan Adam!"

Wani burtu ne mai tsawon giginya ya tare hanya, maƙogwaronsa ja wur, muryarsa kamar tambari.

"Wa ya ba ka izinin taka ƙasar Magajiyar Dawa?"

"Ranka ya daɗe, ba wanda ya ba ni. Wutsiya na biyo."

"Na san ka. Kai ne ka ɗaura kan ɗan'uwana a goshinka, kana rarrafe kana yaudarar barewa."

Korau ya sunkuyar da kai, domin gaskiya ne, da kan burtu yake farauta a da.

"Na tuba tun tuni. Roƙo na zo yi, a mai da mana namun dajinmu."

"Naku?" Burtu ya yi dariya har ciyawa ta kwanta. "Aro aka ba ku, mai abu ta karɓi abinta. Ajiye ƙarfen da ke kafaɗarka."

Ya ajiye bindiga, nan take ta zama karan dawa.

"Tsakaninka da birnin Magajiya akwai kogi, akwai fili, akwai kwari. Nan rana ba ta faɗuwa, ba ka da lokacin hutu. Kada ka kuskura ka zauna. Duk ɗan Adam da ya zauna a ƙasar nan, ƙasa ta kama shi, ya zama suri. Waɗancan da kake hange duk 'yan'uwanka ne. Wuce!"

Korau ya wuce ta tsakanin surrukan bai yarda ya dube su da kyau ba, don wasu har da alamar kunne.

Bai yi nisa ba ya tarar da kogin. Ruwansa tudu yake hawa, yana ruri. A bakin gaɓa wani kada yana kwance, tsawonsa ya kai na kwalekwale goma, tsamiya ta tsiro a gadon bayansa.

"Hau, ɗan Adam," in ji kada. "Ni ne mai fito, ba na karɓar komai sai gaskiya. Ƙarya ɗaya, in nutse kamu ɗaya."

Korau ya hau ya tsaya a tsaye, ya rungumi tsamiya. Suka shiga ruwa.

"Rai nawa ka kashe?"

"Ban san adadi ba."

"Gaskiya ne. Ka taɓa cin naman jinsina?"

"Ban taɓa ba."

Kada ya nutse, ruwa ya kawo wa Korau gwiwa.

"Na ci! Sau biyu, a Tafkin Maje, da yaji ma."

"Madalla. Don me ka bar harbi, tausayi ne?"

Korau ya so ya ce tausayi ne, ya dubi ruwa ya fasa. "Nama ne ya yi wuya, ga iyali. Tausayin daga baya ya zo."

"Gaskiya ne. Wa ke ɗana waya a Mazuga?"

Korau ya yi gum.

"Shiru ma yana da nauyi," in ji kada, "sai dai shi a hankali yake nutsarwa."

Ruwa ya kawo cinya, ya kawo cibiya, ya kawo ƙirji. Korau ya datse haƙora yana hangen gaɓa. Ya tuna ranar da ya goya Barmo daga gona bayan maciji ya sare shi. Ruwa ya taɓa masa haɓa, ya shiga baki, sannan ƙirjin kada ya daki yashi.

"Da kogin ya ƙara taku goma, da ka zama abincin 'ya'yana. Sauka. Gabanka filin sawu ne. Hanya ɗaya ce ke kai wa birni, ita ce sawun wanda ka biyo. Duk sawun da ka bi ba shi ba, bakin mai shi zai kai ka."

Filin farin rairayi ne iya ganin ido, kuma babu inda mutum zai aza tafin hannu bai rufe sawu ba. Iska na sharewa, wasu na fitowa. Can baya ya ji kuraye sun fara shewa.

Korau ya duƙa yana tafe yana karantawa kamar mai bin allo. Ga faifan giwa. Ga na ɓauna mai faɗi, ga na gyado da ya durƙusa yana tono. Ga na damisa, ba farce, ga na kura, ƙafar gaba ta fi ta baya. Ga inda beguwa ta ja ƙayoyinta, ga inda mesa ta share hanya kamar an ja buhu. Ga ramin dabgi, ga tsallen batsiya, ga na dage wanda ba ya kauce wa kowa. Ya ga wani kofato mai tsini ya bi shi da sauri, ya yi taku ashirin, sai ya ji warin zaki. Ya tsaya cak. Na kanki ne, kuma kankin gudu yake yi, ana bin sa. Ya juyo da baya. Shewar kuraye ta matso har yana jin hakinsu.

Sai ya daina neman kofato, ya shiga neman ciwo. Nan da nan ya gan shi: kofato uku, da layi ɗaya na ƙafar da ake ja, da ɗigon jini da iska ta kasa sharewa. Ya bi shi a guje. Wata kura ta kai masa cafka ta tafi da takalminsa na hagu, ya faɗa cikin kwari yana birgima, ya yi wuf ya miƙe kafin ƙasa ta riƙe shi.

Kwarin cike yake da dabbobi, amma jikinsu kamar hayaƙi, ana hango duwatsu ta cikinsu. Sun yi sahu biyu, hagu da dama. Wani ɓauna mai kibiya a wuya ya fito gaba.

"Ka gane mu, Korau?"

"Na gane ku."

"Ba ka wucewa sai ka tsaya gaban kowannenmu ka faɗi inda ka kashe shi."

Ya fara. "Kai a Fadamar Kanya, da kibiya uku. Ke a bakin rafi kina shan ruwa. Kai a kan dutse, ranar da aka haifi 'yata ta fari." Duk wanda ya faɗa daidai sai ya baje ya bi iska. Muryarsa ta dushe, yana so ya zauna ko da na ƙiftawar ido ne, ba hali. Bai taɓa sanin ya riƙe su duka a ka ba.

A ƙarshen sahu ya tarar da wani ɗan abu da bai fi tafin hannu ba, ko ido bai buɗe ba. Ya duba, ya sake dubawa.

"Kai kam ban san ka ba. Ban taɓa harbin ɗan tayi ba."

"Ba ka harbe ni ba," in ji wata 'yar murya. "Uwata ka harba a gindin taura. Ina ciki."

Korau ya tsaya hawaye na zuba. Da ƙyar ya ce, "A gindin taura, da kaka. Ban sani ba."

"Yanzu ka sani. Wuce."

Birnin ba shi da ganuwar ƙasa. Kukoki ne suka haɗa kafaɗa suka kewaye shi, suka buɗa masa ya shiga. A ciki ya ga namun Mazuga kaf, har da waɗanda rabon a gan su tun yana saurayi: raƙuman dawa, jiminu, da kyarketai, karnukan daji. A tsakiya wata mace tana zaune a kan dutse. Tsawonta a zaune ya fi na ɗorawa, ƙahoni biyu a kanta, gauraki sun yi sheƙa cikin gashinta. Tsohon gwankin nan yana kwance a gabanta, ta aza ƙafarsa mai ciwo a cinyarta.

Korau ya rusuna iyakar abin da zai iya ba tare da gwiwarsa ta taɓa ƙasa ba.

"Allah ya ja zamanin Magajiya."

"Ɗan Adam, faɗi abin da ke tafe da kai."

"Ranki ya daɗe, in namun nan ba su koma ba, jibi za a sa wa dajin gatari. Rafi zai ƙafe, ƙauye bakwai su tashi."

"Kakanninku sun karɓi garkena a kan sharaɗi: a kashe don ci, a bar mai ciki, a bar mai shayarwa. Kuka zo kuka shata iyaka, kuka ce nan ba mai taɓa su. Na yarda da ku, na ƙara muku. Sai ga waya. Kibiya tana zaɓe, waya ba ta zaɓe. Kwana shida wannan ya yi yana jan ta."

Uwar giwaye ta ɗaga hanci, ga tabo ya kewaye shi. "Ni ma ta taɓa ni."

"Ni ta cinye mini 'ya'ya biyu," in ji wata mariya.

"Amma ni wannan mutumin ne ya ciro ni daga rijiya," in ji wani gyado. "Har na fasa masa cinya, bai sake ni ba."

"An ji," in ji Magajiya. "Shi ya sa ya iso nan da ransa. Ɗan Adam, wa ke ɗana waya?"

Kyarketai suka miƙe tsaye, kunnuwansu a sama. Korau ya dube su, ya san in aka sake su, ko ƙashin mutum ba za a tsinta ba.

"Ranki ya daɗe, nono ɗaya muka sha."

Magajiya ta ce, "Sunan mun san shi tun ranar da ya murɗa wayar farko. So muke mu ji ko bakinka zai iya ɗaukar sa. An ba ka amanar daji, ka binne ta tare da wayoyi."

Korau ya ɗago kai. "Barmo ne, ƙanena. Na sani tun bara na rufe. Laifin namu ne mu biyu. Amma ina roƙo kada a ba karnukan nan shi. Mutum ne, a bar mutane su hukunta shi. Ni zan kai shi da hannuna."

Magajiya ta gyaɗa kai.

"Na karɓa, da sharaɗi biyu. Kafin rana ta faɗi a ƙasarku ranar da ka fita, ya zamana yana hannun hukuma. In ba haka ba, waɗannan sun san ƙofar gidansa. Na biyu, wayar nan ba ta kwantuwa sai ta sami wata ƙafar. Za ka ɗauke ta har bakin suri, garke na biye da kai. Ka zauna, ka zama suri. Ka ce a cire, a cire maka, ka fita kai kaɗai."

"Na yarda."

"Mu ba za mu koma ba," in ji babban raƙumin dawa daga can sama. "Gawon da muke ci an sare shi tun tuni." Jiminu ma suka juya baya. Magajiya ba ta tilasta musu ba.

Ta shafi ƙafar gwanki. Korau ya kurma ihu, domin wayar ta koma idon sawunsa na hagu, ta nutse cikin nama.

Haka ya juyo, yana taku ɗaya yana jan ɗaya, ƙasa na girgiza a bayansa da takun dubban kofatai. Ya ratsa kwari, ya shiga filin sawu, rairayi na shiga ciwon. Kuraye suka jera da shi suna lasar jinin da yake zubarwa, suna ce masa, "Zauna ka huta, Korau, ɗan kaɗan kawai." A tsakiyar fili ƙafar ta ƙi ɗaguwa. Gwiwarsa ta sage, ya tafi zai faɗi, kalmar "a cire" ta zo masa har kan harshe. Sai ya ji wani abu mai tauri ya tokare masa hammata. Ƙahon tsohon gwanki ne.

"Ba a ce kada ka jingina ba," in ji gwanki. "Taka da gefen ƙafa, ya fi sauƙi. Ni na sani."

Kada ya fitar da su bai tambayi komai ba, bai kuma nutse ko da ɗan yatsa ba. Burtu ya kauce daga hanya ya sunkuyar da kai.

Korau ya faɗo gindin ƙirya da hantsin Alhamis, wayar ta tsinke ta faɗi. Yana kwance namun suka yi ta ɓullowa suna tsallake shi, kowa ya nufi wurinsa. Motocin kwamiti kuwa a hanyar shiga gandun ne giwaye suka tare su, suka yi awa uku ba gaba ba baya, ɓauna na ratsawa ta gefensu. Ba wanda ya sake ta da maganar gatari.

Malam Lurwanu ne ya tsince shi, ya ce sai asibiti.

"Oga, ƙauyenmu tukuna. Ka zo da ankwa."

Suka iske Barmo a zaure yana murɗa waya. Ya ɗago ya ga kaki, ya ga manaja, ya ga ƙafar wansa naɗe da tsumma jina-jina.

"Yaya, ni za ka kama?"

"Ni zan kama ka. Miƙo hannu, rana na tafiya."

Mahaifiyarsu, Inna Hansai, ta fito tana dogara sanda. "Korau, a kan naman dawa za ka tozarta ɗan'uwanka? In ka fita da shi, kada ka ƙara tako mini gida."

"Inna, ki yi haƙuri." Bai iya gaya mata abin da ya hango a bayan danga ba, kunnuwan kyarketai a tsaye, suna jira. Ya ɗaura wa ƙanensa ankwa da hannunsa. A ofishin 'yan sanda ya faɗi nasa laifin na rufewa, aka rage masa girma a wurin aiki.

Alƙali ya ba Barmo wata shida. Inna Hansai ta cika alkawarinta, ko gaisuwar Korau ba ta amsawa, in ya aika da hatsi ta mai do. Ƙafar ta warke amma jijiyar ta tafi, ya koma ɗingishi.

Ranar da aka saki Barmo, ana tsakiyar kaka, bai nufi gida ba. Korau yana bakin rafi yana duba sawun dorina sai ya ga mutum tsaye a kansa, ya rame, an aske masa kai. Bai yi sallama ba. Ya tsuguna, ya ɗage wandon wansa, ya daɗe yana kallon tabon. Ya bi shi da yatsa har ya kai inda ƙullin ya bar shaidarsa, hannunsa ya tsaya a nan.

"Ƙullina ne wannan," in ji shi.

"Naka ne."

Barmo ya miƙe ya share fuska da hannun riga.

"Guda nawa ka kwance tun bara?"

"Arba'in da wani abu."

"Ɗari biyu da goma na ɗana, Yaya. Sauran suna nan inda ba za ka taɓa gani ba." Ya karɓi sandar Korau, ya miƙa masa kafaɗa. "Dafa ni. Mu fara da na Fadamar Kanya, can ne mariya ke bi da 'ya'yanta."